Kare Biyu, Tsoro Ɗaya

Ƴan uwana ɗalibai, na san wani zai yi dariya in ya ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami fim ɗin zane ne na yara, na karnuka ma. To a yi dariyar, amma a karanta har ƙarshe.

A hutun da ya wuce ƙanena ya dawo daga kasuwar Bakin Birji an zuba masa finafinai a waya. Cikinsu akwai wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a 2021, inda aka haɗa karnuka biyu da kowanne ke da nasa shirin. Na farko Scooby-Doo, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1969, Joe Ruby da Ken Spears suka ƙirƙiro shi. Na biyu Courage, na John R. Dilworth, wanda aka nuna daga 1999 zuwa 2002. Sunansa na nufin jarumta, alhali ko inuwarsa razana shi take.

Dukansu matsorata ne, amma duniyarsu ba ɗaya ba ce. A wurin Scooby da abokansa matasa huɗu, a shirin na asali, duk fatalwar da ta addabi gari in an kama ta aka cire abin rufe fuska, sai a ga mutum ne. Mutum mai kwaɗayin fili ko dukiya, da ke so a watse a bar masa wurin. Shi kuwa Courage yana zaune ne a wani ƙauye tsakiyar fako a jihar Kansas, tare da tsohuwa Muriel mai ƙaunarsa da mijinta Eustace mai tsangwamarsa. Dodanninsa na gaske ne. Yana ihu, yana karkarwa, amma ba ya barin tsohuwar a hannunsu.

Ina kallo ina dariya, sai wani abu ya faɗo mini a rai, dariyar ta tsaya.

Ina ɗan shekara goma sha uku, wata bazara da hatsi ya yi tsada, aka soma ganin wani farin abu yana yawo da dare wajen rumbunan bayan garinmu. Aka ce aljani ne. Ba mai zuwa can bayan isha'i. Hatsi kuwa yana ta raguwa a rumbuna. Ana cikin haka yaron maƙwabta ya kwanta da zazzaɓi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a gefen gari. Shi ke nan. Aka ce mayya ce, ita ta kama kurwar yaron, ita ce kuma farin abin. Mata suka daina gaishe ta a bakin rijiya, yara suka riƙa jifan danganta.

Ni kuwa na san wani abu. Wani dare akuyarmu ta ɓace, na bi sawunta har kusa da rumbunan, na ga farin abin da idona. Yana sanye da takalmin roba, yana tari irin na mai shan taba, kuma na gane tarin. Babban mutum ne, wanda nake durƙusawa in gaishe shi. Na koma gida na ja bakina na yi shiru. Daga baya wasu samari suka yi kwanto suka kama shi da dami a ka. Yaron ma aka kai shi likita, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya warke. Amma kafin nan tsohuwar ta riga ta tattara ƴan komatsanta ta koma wajen ɗiyarta a wani gari. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Ni ma ban je ba.

Tambayata ita ce: tsoron da na ji laifi ne?

Na daɗe ina ce wa kaina a'a, ai yaro ne ni. Kuma gaskiya ne, tsoro kansa ba abin kunya ba ne. Wanda ba ya tsoron maciji ba ya daɗewa a gona. A darasin falsafa an koya mana cewa Aristote ya ajiye jarumta a tsakiyar abu biyu, ragwantaka da ganganci. Ke nan jarumi ma yana jin tsoro, sai dai ya san abin da ya kamata a tsorata da kuma inda ya kamata a tsaya. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Nawa ya juye: a daji na ga abin ban gudu ba, a gida tsoron ya kama ni, na kira shi kunya da girmama manya.

A nan karnukan biyu suka ba ni amsa rabi da rabi. Darasin Scooby shi ne ka tambaya: wa ke cin riba da wannan tsoron? Da mutanen garinmu sun yi wannan tambaya, da sun lura aljani ba ya buƙatar hatsi a lokacin da farashinsa ya hau. Amma sani kaɗai bai isa ba, don ni na sani, kuma sanin bai ceci kowa ba. Abin da na rasa shi ne na Courage, wato ka ji gwiwarka na rawa, ka je duk da haka, saboda akwai wanda kake ƙauna fiye da lafiyar fatarka.

Wani zai ce: kai ɗan lakwal, so kake ka ce babu aljanu? Ban faɗa ba. Alƙur'ani ya ambace su, akwai sura guda da sunansu. Amma yarda da samuwar aljanu daban, ɗora wa wata baiwar Allah laifi ba hujja daban. Sambatun mai zazzaɓi ba shaida ba ne. Haka kuma ba na tare da abokanmu masu ganin duk abin tsoro ƙarya ce ta ƙauyawa. Fari gaskiya ne, yunwa gaskiya ce, ba su da abin rufe fuskar da za ka cire. Fim ɗin ma bai zaɓi ɓangare ɗaya ba: a ƙarshe an tona asirin mayaudara da suka ɓad da kama, an kuma gano wani dutse da ya faɗo daga sama shi ke haddasa abubuwan al'ajabin garin. Aikin mai hankali shi ne ya rarrabe wanne ne wanne, kafin ya ɗauki dutsen jifa.

Abin da ya fi damuna, tsoro in ya rasa inda zai sauka, kan mai rauni yake sauka: tsohuwa marar ɗa namiji, baƙo, maraya. Ban taɓa jin an kira mai rumbu goma maye ba.

Na ji labarin tsohuwar tana nan da rai. Na yi niyyar hutun nan mai zuwa in hau amalanke ranar kasuwa in je in durƙusa gabanta in ce: Iya, na gani, na yi shiru, ki yafe mini. Wallahi ko yanzu da nake rubutawa gabana faɗuwa yake. Zan je da faɗuwar gaban.