Wa Ke da Alhakin Kan Ɗan Dambe?



Akwai wani bawan Allah da ke bin mu salla a masallacin bakin kasuwa ranakun da liman ba ya nan. Ba za mu faɗi sunansa ba, waɗanda suka san shi sun san shi. Shekara ashirin da suka wuce, in ya shiga fage har makaɗa canza kiɗa suke yi. Yau bai cika hamsin ba, amma in ya ɗauki buta hannunsa rawa yake yi, maganarsa ta yi nauyi kamar wanda aka tasa daga barci, kuma sau biyu 'ya'yansa na fita nemansa saboda ya je sayen abu ya manta hanyar gida. Watan jiya bayan Magariba ya tsare mu a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, ina cikin Fatiha sai ta ɓace mini. Sallata tana nan kuwa?" Muka ba shi amsar da muka sani, cewa Allah ba Ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Ya yi godiya ya tafi hankali kwance. Mu ne muka kwana da tambaya a zuci: wannan hankali da ya zube, a wuyan wa yake?

In ka tambaya a majalisa za a ce maka sammu ne, abokan karawa suka jefe shi. Wasu su ce ai tsufan ɗan dambe kenan, haka suke ƙarewa. Maganar ta biyu ta fi kusa da gaskiya, sai dai masu faɗinta ba sa tsayawa su ji nauyin abin da suka faɗa.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo a wurin 'yan damben Turawa. Wanda ya fito da shi fili a zamaninmu kuma ɗan ƙasar nan ne, Dakta Bennet Omalu, mutumin Anambra. A 2002 a birnin Pittsburgh na Amurka ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasa mai suna Mike Webster, wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da ruɗewa da mantuwa. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Da ya yanka ta ya duba da madubin likita sai ya ga ta lalace a ciki, irin lalacewar da yawan bugu ke jawowa. Ya wallafa binciken a 2005, masu kuɗin wasan suka taso masa, daga baya dole suka yarda. Bayanin da sauƙi: ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Duk naushin da ya juya kai da ƙarfi, sai ta bugu da ƙashi daga ciki. Mu 'yan kasuwa mun san wannan, tumatir a kwando bisa hanya mai gargada, kwandon bai fashe ba amma kayan sun tafi. Ba sai mutum ya suma ba. Kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ya fi kowanne haɗari.

Abin da ya ba mu mamaki da muka koma littafi shi ne, malamanmu sun riga kowa auna darajar kai. Duk wanda ya yi Islamiyya ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu sama da shekara dubu. A babin jini da haddi an jera raunukan kai kowanne da sunansa da diyyarsa. Raunin da ya bayyana ƙashi raƙuma biyar ne. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya ne. Wanda kuma ya gusar wa mutum da hankali, diyya cikakkiya zai biya, daidai da wanda ya kashe rai bisa kuskure. Wato a ma'aunin shari'a, mutumin da ke tafiya da ƙafarsa yana cin tuwo amma hankalinsa ya tafi, an yi masa asarar da ta kai ta rai. Kiyaye hankali kuwa yana cikin abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Mun saba kawo wannan in za mu yi wa'azi kan giya da ƙwaya da sholisho. Mun taɓa kawo shi a kan fage?

To, za a ce mana, "Malam, ai shi ya kai kansa. Ba wanda ya ɗaura masa zare dole." Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba. Baligi mai hankali yana da zaɓi a rayuwarsa. Direban tirela ma yana sayar da lafiyarsa, mai haƙar ma'adinai ma haka. Amma akwai bambanci. Direba in ya yi hatsari aikin ne ya ɓaci. A dambe kuwa naushin da ya sami muƙamuƙi mutum ya zube, shi ne aikin ya yi kyau, shi ake wa guɗa, shi ake wa liƙi. Sannan jikin nan amana ce aka ba mu, ba hajarmu ba ce da za mu sa wa farashi. Yardar mutum a cuce shi ba ta halatta cutar. Hadisi ingantacce ya hana dukan fuska ko a faɗa, kuma a 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi zama ta haramta damben zamani saboda wannan dalili. Ga kuma wata tambaya: yaron da ya baro ƙauye ba gona ba jari, aka nuna masa abin da zai samu a turmi uku ya fi na dakon wata guda, yardarsa ta kai yarda? Wanda ya sayar da buhunsa rabin kuɗi don ɗansa na kwance asibiti shi ma "ya yarda", amma duk ɗan kasuwa mai tsoron Allah ya san irin wannan ciniki.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Kuɗin da ke sa yaro ya miƙa kansa daga aljihun wa suke fita? Daga na mai biyan kuɗin ƙofa, da mai liƙi, da mai kallo a waya yana turawa abokai, don yanzu damben gidajen Marabar Nyanya da Dei-Dei har ƙasashen waje ake kallonsa a YouTube. Mu ma da ƙuruciya mun tsaya a fage mun yi ihu, ba za mu ɓoye ba. Mai yiwuwa wata rana muryarmu na cikin waɗanda suka yi wa wannan bawan Allah kirari ya koma turmi na gaba kansa na juyawa.

Amma kada a ce muna kira a rufe gidajen dambe gobe. Ba mu da wannan iko, kuma in an rufe a gari daji zai koma inda ba mai gani. Sana'a ce ta gado, musamman wurin mahauta, gidaje da yawa na ci daga gare ta. Abin da muka sani shi ne al'ada tana gyaruwa. A da akwai masu shiga fage da akayau a ƙafa, yau an bari, kuma dambe bai mutu ba.

Sai gwamnati. In ka je wa jami'i da maganar kan ɗan wasa, amsar da za ka samu mun san ta: tsaro da wuta sun cinye kuɗi. Kuma wallahi ba ƙarya ya yi ba. Tun 2018 sojojin Operation Whirl Stroke ke aiki a Binuwai da Nasarawa da Taraba, har yau manomi a kudancin jihar nan bai gama samun natsuwar zuwa gona ba, mu masu sayen doya da riɗi muna gani a farashi. Wuta kuma, an buɗe babbar tashar Akurba a 2022, an sa hannu a dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar tafiyar da wutarsu, wasu ƙauyukan Doma da Lafiya sun samu ƙananan tashoshin sola, amma madatsar Farin Ruwa da ke Wamba tun muna da sauran baƙin gemu ake maganarta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ya zama kayan ado a shaguna da yawa. Duk shugaban da ya fara da bindiga da haske ba mu ga laifinsa ba. Rai ne gaba.

Abin da muke ƙorafi a kai shi ne, gwamnati ta saba jin cutar da ke da ƙara kawai. Harbin bindiga yana da ƙara, duhu kowa na ganinsa, masu su suna da ƙuri'a da baki. Shi kuwa ciwon ƙwaƙwalwa shiru yake zuwa, bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da makaɗa sun koma wa wani, kuma abu na farko da yake ƙwacewa shi ne bakin da mutum zai kai ƙara da shi. Gwamnatin da ke saya wa soja hular kwano ta san darajar kai sarai. Saurayin da ke fage yau da wanda ke bakin daga sa'o'in juna ne, wani lokaci ma uwa ɗaya uba ɗaya.

Kuma mu mutanen Lafiya ba ma buƙatar misali daga nesa. Ranar 8 ga Maris 2020, a filin wasa na garin nan, ɗan wasan Nasarawa United Chineme Martins ya faɗi ana tsakiyar wasa da Katsina United. Motar ɗaukar marasa lafiya da aka ajiye a filin ta ƙi tashi. Da wata mota aka kai shi asibitin Dalhatu Araf, rai ya yi halinsa. Ba muna cewa bugun kai ne ya kashe shi ba, ajali kuma ba ya jira. Muna cewa wannan wasan babbar gasar ƙasa ne, mai hukuma da dokoki a rubuce. In haka ta faru a can, me ake tsammani a fagen da aka kewaye da langa-langa, ko filin makarantar da yaranmu ke buga ƙwallo da yamma?

Ƙwallon ma ba ta tsira ba. Wani bincike da aka yi a Glasgow a 2019 ya nuna tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo sun fi sauran mutane mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da kusan ninki uku da rabi. Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015, Ingila ma ta bi sahu ga ƙananan yara, kuma daga 2024 dokar ƙwallo ta duniya ta yarda a yi ƙarin canji in ɗan wasa ya bugu a kai. Ku lura, ba ɗaya cikin waɗannan da ya ci kuɗin tankar yaƙi ko na madatsar ruwa. Doka ce kawai da mai tsayawa a kanta. A damben zamani wanda aka sumar ba ya sake hawa sai ya huta aƙalla wata guda. A namu, wanda aka kashe ranar Juma'a yana iya ɗaura zare ranar Lahadi don ya rama, jama'a na yaba masa zuciya. Kuma a yawancin gidajen dambe ba a auna nauyi, ƙaramin jiki na iya karawa da wanda ya ninka shi. Hana waɗannan biyu bai fi ƙarfin ma'aikatar matasa da wasanni ba, bai ma fi ƙarfin ƙaramar hukumar da ke karɓar haraji a ƙofar fage ba. Wanda ya karɓi haraji a kan abu ya ɗauki alhakinsa.

Maganar wuta ma ba ta rabu da wannan ba. Wanda jini ke taruwa a ƙoƙon kansa yakan miƙe ya yi magana har ya ci abinci, bayan 'yan awoyi ya kwanta bai tashi ba. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ce ke gano shi, ita kuwa ba ta aiki da fitilar waya. Jihar da ake haƙar ma'adinin batir a ƙasarta ana sarrafa shi, bai kamata a rasa sola a ɗakin gaggawa na asibitocinta ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Dambe tare da kakanninmu ya zo garin nan daga Kano da Katsina da Sakkwato, ba wasan kowa ba ne a jihar. In ba mu buɗe baki ba, ba wata al'umma da za ta kai maganarsa majalisar dokoki a madadinmu, kuma ba za mu ga laifinsu ba. Muna da mai unguwa, muna da sarkin fawa, muna da kansila, muna da ƙungiyar 'yan kasuwa da ke iya tara kuɗi cikin kwana biyu in gobara ta tashi. Su za su zauna da masu gidajen wasa a yi yarjejeniya: wanda ya suma ya huta wata guda, a riƙa haɗa sa'a da sa'a, a ajiye ma'aikacin lafiya da mota mai tashi, a ware wani abu daga kuɗin ƙofa domin tsofaffin 'yan wasa. In an yi wannan, sai a ɗauki takardar a kai wa gwamnati a ce ga abin da muka fara, ku sa masa hannu.

Kafin nan, iyaye mata musamman, in yaro ya dawo daga ƙwallo ko ya faɗo daga babur ya bugu a kai, ku sa masa ido kwana biyu. In yana amai, ko barci na fizgarsa ba lokacinsa ba, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada a tsaya shafa man zafi da tofi. A yi addu'ar a cikin Keke, a hanyar asibiti.

Shi kuwa mutuminmu, mun roƙi wani yaro maƙwabcinsa ya riƙa tsayawa kusa da shi a sahu, in an idar ya raka shi gida. Babban ɗansa shekararsa 17. An ce mana tun bayan sallar layya ya fara ɗaura zare a bayan mayanka, kuma hannunsa irin na uban ne. Mun aika a kira mana shi ranar Asabar bayan La'asar.