Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Idan Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, yana nufin abin da aka daɗe ana gwadawa har aka tabbatar da ingancinsa, shi ake komawa gare shi ranar buƙata. Mai shakka ya zaro naira ashirin ya duba bayanta. Matar nan da ta duƙufa a kan tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya 'yar garin Kwali, wadda ta koyi gini tun ƙuruciya a hannun iyayenta mata. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta ɗora wani kan wani tana zagaya randar da ƙafa, ta shafe da hannu, sannan ta tsaga mata zanen ƙadangare da kunama da kifi da hawainiya.

Wani zai ce ai Bature ne ya fito da ita. Gaskiya ne a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin, kuma can ta koyi aiki da inji da gashin wuta mai tsanani. Amma tun kafin nan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara randunanta a fadarsa, a nan ma Cardew ya fara ganin aikinta. Da aka kai kayanta Landan a 1958, randunan nan na ginin hannu ne suka fi ɗaukar hankali. Inji kowa yana iya koyonsa. Hannun da ta zo da shi daga gida kuwa cibiyar ba ta da irinsa. Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi: randar da aka shafa wa sheƙi a cibiyar ba ta tsatsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa, ta zama kayan ado. Na yarda an yi wannan asara. Sai dai da wannan sauyin ne sana'ar da ake rainawa ta kai mai ita ga digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, shekara bakwai kafin rasuwarta a Minna.

Darasin Ladi Kwali ya shafi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, inda yau jarka da bokitin roba suka cika gidaje, alhali randa ba ta jiran a kawo wuta kafin ta sanyaya ruwa. Ina kira ga masarautar yankin da ƙananan hukumomin biyu su nemo tsofaffin maginan da suka rage, su haɗa su da 'yan mata masu son koyo, a kuma biya su ladan koyarwa.