Ƙoda: Kyauta Ce Ko Haja?

Bari mu duba wata tambaya wadda kakanninmu ba su taɓa fuskanta ba, amma yau tana iya shiga gidan kowa. In ɗan'uwa yana bakin mutuwa don ƙodarsa ta gaza, daidai ne mutum ya ba shi tasa? In kuwa daidai ne ya bayar, me zai hana ya sayar?

Da fari sai mu san abin da mu ke magana a kai. Ko wane mutum yana da ƙoda biyu, can baya ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Siffarsu kamar ƙwayar wake, girman ko wace kamar dunƙulen hannu. Cikin ko wace akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Dare da rana jini yana ratsa su, suna tace ruwa wajen lita 180 a yini, watau cikin garwar kananzir goma. Kusan dukan ruwan nan su kan mayar cikin jini, sai wajen lita ɗaya da rabi ke fita da dauɗa, shi ne fitsari. Yana gangarowa ta siraran hanyoyi biyu zuwa mafitsara, ya taru har lokacin fitarwa. Ban da wannan, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa, tana taimakon ƙarfin bugun jini, tana kuma aika wa ɓargo saƙo ya yi sabon jini.

Sa'anda ƙoda biyun suka gaza, galibi saboda hawan jini ko ciwon sukari, dafi ya kan taru a jiki. Sai a riƙa wanke jinin da na'ura, kamar sau uku a mako, ko kuwa a dasa masa ƙodar wani. Gama mai lafiya yana iya rayuwa da guda ɗaya. Wadda ta rage ta kan ƙara girma ta ɗauki yawancin aikin.

Ran 23 ga Disamba 1954, a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya dasa ƙodar wani saurayi, Ronald Herrick, a jikin ɗan tagwayensa Richard. Richard ya ƙara shekara takwas a duniya, ya yi aure ya haifu. Ronald kuwa ya rayu har 2010. Likitocin sun yi ta tunani tukuna, gama ba a saba yanka mai lafiya don amfanin wani ba. Abin da ya kwantar musu da rai shi ne Ronald ya san hatsarin, ya kuma yarda da kansa. Mu kan ce ɗan'uwa rabin jiki. Ga inda maganar ta tabbata. A ganinmu irin wannan bayarwa abin yabo ne.

To, sayarwa fa? Wani zai ce, “Jikina ne, ga talauci, ga mai bukata da kuɗi a hannu; wa aka cuta?” Ba za mu raina wannan magana ba. A ƙasar Iran ma, tun 1988 hukuma ta yarda a biya mai bayarwa. Amma mu lura da inda cinikin ke fuskanta. Mai wadata ba ya kai ƙodarsa kasuwa. Daga matalauci ta ke fita zuwa mai hali. Wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, ba kuwa za mu ce da son ransa ya kama ba. Kuɗin za su ƙare, tabon yana nan, in kuma ta ɗayan ta kamu da ciwo ba shi da wata. Don haka dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana cinikin gaɓoɓin jiki. A 2023 kuma kotu a Landan ta ɗaure wani babban ɗan majalisar dattawan Nijeriya saboda kai wani yaro ɗan talla daga Legas don a cire masa ƙoda a dasa wa 'yarsa. Muna jin tausayin uba mai 'ya a kwance, amma yaron nan ma ɗan wani ne.

Akwai wani tilas kuma wanda ba kuɗi a ciki, shi ne ya fi kusa da mu. Dangi su taru, su zuba wa ƙarami ido, ko mace, ko wanda a ke ciyarwa, har kunya ta hana shi cewa a'a. Wannan ma ƙwace ne, ko da an yi shi da murmushi. Wanda ya bayar da yardar zuciya, mu girmama shi. Wanda ya ji tsoro ya ƙi, kada mu goranta masa, gama ba bashi ya ci ba.

Saura mu da ƙodojinmu ke aiki shiru. Mu sha ruwa isasshe, mu rage gishiri, mu je a auna jininmu, mu bar shan magani barkatai. Mai kiyaye tasa yana sauƙaƙa wa danginsa wannan tambaya mai wuya.