Rumbun majami'a, na wa ne in yunwa ta zo?

Kai mai karatu, wataƙila garinku babu majami'a. Wataƙila kuma akwai, wani ɗan ɗakin laka can bakin gari, da gicciye bisa ƙofa. Kana wucewa ta gabansa in za ka gona, amma ba ka taɓa tambaya mi ake yi ciki ba. Yau ina so mu leƙa tare. Ba gardamar addini za mu yi ba. Akwai wata tambaya da ke taso ma mutanen nan in damina ta yi tsakiya, kuma in ka duba da kyau za ka ga ta shahe mu duka.

Kiristan Nijar ba su da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta iske mutum miliyan 17 da ƴan kai cikin ƙasa, Kirista kuwa ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Waɗansu baƙi ne da aiki ko kasuwanci ya kawo daga Benin, Togo da Burkina. Waɗansu kuwa ƴan ƙasa ne, manoma kamarka, da aka haihi kakanninsu a nan. Ƴan mishan sun zauna Damagaram da Tsibirin Gobir tun zamanin Nasara, kuma su suka buɗe gidan likita na Galmi cikin 1950. Su Katolika, tun 2001 suna da babban limaminsu a Maraɗi, mai kula da jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Sun kasa ƙasar yanki-yanki. Kowane yanki ana ce mashi parwas, wato babbar majami'a guda cikin birni da ƙananan da ke bin ta cikin ƙauyuka. Limamin yana zagayawa. Inda bai samu zuwa ba, wani malami ɗan garin shi ke jan addu'a ran Lahadi.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne lissahin shekararsu. Watannin Musulunci tsayuwar wata suke bi. Shekarar kwana 354 ce, shi ya sa azumi da salla suke matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, wani lokaci cikin ɗari, wani lokaci cikin damina. Lissahin Kirista rana yake bi, kwana 365, yadda damina da rani suke bi. Saboda haka kowane idi nasu ya samu wurin zama cikin shekarar manomi, ba ya gusawa da nisa.

Kirsimeti, idin haihuwar Annabi Isa, kullum ran 25 ga Disamba yake. Lokacin ɗari ne, hatsi na cikin rumbu, akwai ɗan kuɗin wake da gujiya a hannu. Ana ɗinka ma yara sabbin tufa, a dafa shinkafa da nama, a aika ma maƙwabta da akushi, yadda su ma maƙwabta suke aiko da naman layya. Gwamnati na ba da hutu ran nan. Bayan haka sai samari su ɗaure kaya su tahi cin rani, wani Najeriya, wani Abijan, wani Libiya. Majami'a ta rage sai mata da tsohi da yara. A nan ne za ka ga aikin zumuntar mata. Su ke share wuri, su ke gaida marasa lahiya gida-gida, su ke yin adashi, su ke tada waƙa da kiɗan tulu. In ka ce mini mata ke riƙe da majami'ar ƙauye rabin shekara, ba zan yi musu da kai ba.

Cikin rani kuma Katolika ke azuminsu na kwana 40. Ba irin na watan Ramalan ba ne. Suna rage ci, suna barin nama ran Juma'a, abin da aka rage a ba mabukaci. Ƙarshensa shi ne idin Ista, wanda masu jin Faransanci ke ce ma Paki. Shi wanga yana ɗan motsi, don ana duba cikar wata kahin a sa ranarsa, amma ba ya zuwa kahin 22 ga Maris, ba ya wuce 25 ga Afrilu. Ke nan kullum cikin tsananin zahi yake faɗowa, lokacin da rijiya ke ja baya. Da hadari ya fara haɗuwa, sai addu'ar roƙon ruwa da sa ma iri albarka. Inda majami'a ke da gona, da gayya ake noma ta.

Amma idin da ya hi kama da mu manoma, shi ne na godiya, cikin kaka. Ran nan kowa na zuwa da abin da gonarsa ta ba shi. Wani ya ɗauko damen hatsi bisa kai, wani bisa jaki. Wata ta zo da ƙwaryar wake, wata da busasshiyar kuɓewa, wani yaro ya riƙo kaza. Akwai masu hidda ɗaya cikin goma, kamar yadda ka san zakkar hatsi. Akwai wanda bai samu kome ba sai tiya guda, ya kawo ta yana jin kunya, aka karɓa aka aje kusa da dame goma na mai hali. Bayan addu'a sai dattawa su zauna su raba. Wani kashi na mai jan addu'a ne, don shi ma yana da iyali. Wani a saida a gyara ruhin ɗaki. Abin da ya saura a zuba rumbu, a liƙe baki, a ce wanga na ranar wuya ne.

To, ranar wuya ba ta ɓata hanya. Ka san ta. Watan Yuli ne da Agusta, hatsi ya yi kore cikin gona amma bai nuna ba, na bara ya ƙare, tiya ta yi tsada a kasuwa, ga noma na bukatar ƙarhi. Ran 15 ga Agusta Katolika ke idin Maryama uwar Isa, kuma sau da yawa da ciki rabi ake yin sa. Cikin shekara mai kyau ma haka ne, balle irin 1984 da mutane suka sa ma suna El Buhari, ko 2005 da ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwa.

Yanzu mu ce gari ne mai gida 200, gida 12 na Kirista. An buɗe rumbun majami'a. Sai ga wata tsohuwa ta zo da ƙwarya. Musulma ce, mijinta ya rasu, ɗanta ya tahi cin rani bai aiko ba. Ba ta zuba ko zangarniya guda cikin rumbun nan ba. A ba ta, ko a ce ta yi haƙuri?

Kada ka yi saurin amsawa. Saurari dattijon da ya ce a hana. Ba mugu ba ne. Ga abin da yake cewa: “Hatsin nan amana ne. Waɗanda suka kawo shi sun rage ma ƴaƴansu ne suka kawo, don sun san akwai gwauraye da marayu cikinmu. Mu gida 12 ne. In muka ba wagga tsohuwa yau, gobe mutum 30 za su zo, jibi rumbu ya zama wayam, namu su rasa, su ma waɗancan ba su ƙoshi ba.” Wanga lissahi ne na gaskiya, duk wanda ya taɓa riƙe mabuɗin rumbun tsimi ya san shi. Kuma akwai tsoro ƙarƙashin maganarsa. Bai manta ba da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Wanda ya ga haka yakan ce, in ban tanada ma nawa ba, wa zai tanada musu?

Akwai kuma wata magana ta biyu, daga wajen gari take hitowa. Wani zai ce: “Kada ki tahi, Inna. Da hatsi suke sayen mutane.” Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski. Mai jin yunwa ba shi da bakin cewa a'a. In wanda ya ba ka tuwo ya ce zauna ka ji wa'azi, za ka zauna, ko zuciyarka ba ta so. Ni ina ganin wanga zargi ba abin yarwa ba ne. Kyautar da aka ɗaura ma igiya ciniki ce, kuma ciniki da mai yunwa ba ya da kyau, ko wane addini ya yi shi. Ɗan siyasa mai raba shinkafa gab da zaɓe ma cikin wanga layi yake.

Duk da haka, in ka tambaye ni, cewa zan yi a ba ta. Ga dalilina.

Tambayi kanka daga ina hatsin ya hito. Ruwan da ya sauka bisa gonar majami'a shi ya sauka bisa gonar liman. Ran gayya, in ka ƙirga masu riƙe da hauya, za ka iske ƙanen wani ne, surukin wani ne, ba duka ke shiga majami'a ba. Rijiya guda ake sha. In gobara ta tashi gidan Kirista, ba a tsayawa tambayar addininsa kahin a kawo ruwa. Har cikin tashin hankalin 2015 an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu. Gida 12 ba su rayu su kaɗai ba cikin wata goma sha ɗaya, ba daidai ba ne su zama su kaɗai cikin watan da rumbu ya buɗe. Tsohuwar ba ta zuba zangarniya ba, gaskiya ne. Amma wataƙila ita ta karɓi haihuwar rabin yaran da ke waƙa ran Lahadi.

Kuma addinan biyu ba su bar mu cikin duhu ba. Cikin Linjila akwai labarin wani matahiyi da ɓarayi suka jikkata, mutanensa suka wuce shi, wanda ya tsaya ya ɗauke shi ɗan wata kabila ne da ba sa ga maciji da su. Musulunci kuwa ya ba maƙwabci haƙƙi ko ba Musulmi ba ne. Zakka tana da waɗanda aka ƙayyade ma ita, amma sadaka malamai sun yarda a ba duk mabukaci.

To, lissahin dattijon fa? Ba a share shi da kyakkyawar magana. Rumbu guda ba ya ciyar da gida 200. Amma duba, ko cikin gida 12 ba kowa ake ba ba. Mai shanu biyu da amalanke ba ya karɓa, ko da shi ya hi kowa zubawa. Ashe tun farko ba a raba hatsin nan bisa wa ya kawo. Ana raba shi bisa wa ya hi rasawa. In haka ne, ma'aunin yana hannu tun da daɗewa, sai dai a miƙa shi ya wuce bakin ƙofa. In abin da ke akwai na gida 15 ne, a nemi gida 15 da wutar murhunsu ta mutu. Zai yiwu 8 na majami'a ne, 7 na waje. Na 16 zai ji zahi, ko wane ne shi, kuma babu dabarar da za ta hana wanga.

Saura maganar igiya. Nan kam yadda aka bayar ya kusa hin abin da aka bayar. Kada a raba ran Lahadi bayan addu'a, inda mai karɓa sai ya ratsa cikin masu sujada. A raba ran kasuwa ko wata rana, a ƙofar mai gari, shi da liman da wata dattijuwa suna zaune, don su suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Kada a rubuta sunan kowa don a bi shi gida da wa'azi. Wanda yake da gona da ƙarhin noma, a ba shi bashi, tiya goma ya maido tiya goma in kaka ta yi, babu ƙari. Mutum ya hi son a ce mashi mai bashi da a ce mashi mai bara, kuma wanda ya biya ba ya jin akwai sauran wani abu a wuyansa. Tsohuwar da ba ta iya biya, a auna mata a yi shiru.

Na san wani zai ce, mu garinmu babu Kirista ko guda, ina ruwanmu? Akwai rumbun ƙungiya, akwai bankin cimaka, akwai asusun mata. Akwai kuma Bahillacen da ya sauka bayan gari bai shiga ƙungiya ba, da Buzun da dabbobinsa suka mutu, da matar da aka auro daga nesa aka sake ta. Ran da kuka zauna wajen karatu, ku sa wanda ya hi iya rubutu ya ɗauki alli. Ku rubuta dame nawa ke cikin rumbunku, gida nawa zai iya ɗauka daga Yuli zuwa sabon hatsi, da sunan wanda zai riƙe mabuɗi. Ku yi wanga zama tun cikin kaka, lokacin da ciki ke cike, don in Agusta ta yi, mai ƙwarya na tsaye a ƙofa ne za ku yi shawarar.