Jirgin da Ba Zai Taɓa Ruwa Ba

Katsina ba garin kogi ba ce. Wanda ya fita ta Ƙofar 'Yandaka, wadda Lugard ya shigo ta cikinta a 1903, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga ruwan da zai ɗauki kwale-kwale, a madatsar Jibiya ko ta Zobe. Saboda haka masassaƙin da ya zauna a wannan unguwa da gizagonsa yana fafe guntun maɗaci, yana fitar da ɗan jirgi mai tsawon kamu ɗaya, ya san kan teburin falo aikinsa zai ƙare. Shin wajibi ne a kansa ya daidaita gefe da gefe, ya toshe tsagar da ke ƙasa, alhali ba mai kifa jirgin ya duba?

Masu cewa a'a suna da hujja mai ƙarfi. Ha'inci, a wurinsu, sai da wanda aka cuta, kuma a nan ba ran da zai salwanta. Mai saye ado ya nema, ado kuma ya samu. Yinin da aka ɓata wajen gyaran abin da ido ba ya kaiwa, daga abincin iyali aka yanke shi.

Duk da haka ban gamsu ba. Lissafin nasu ya tsaya kan itacen, ya manta da mai sassaƙar. Hannu ba ya rarrabe aikin wasa da na gaske. Abin da ya saba shi yake maimaitawa. Kalmar da ke halatta barin tsagar ita ce "ai ba komai", kuma ba ta tsayawa a rumfar sassaƙa. A Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano da ɗaliban Islamiyya a ciki, aka danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima. Kowane mutum guda da aka ƙara, da wannan kalma aka ƙara shi.

Masassaƙan Masar ta dā ma sun fuskanci tambayar. A 1920 aka buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre, kusa da Luksor, aka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu da filafilansu, har da tarun kamun kifi. Waɗanda suka sassaƙa su sun san rufe su za a yi cikin duhu, aka kuwa rufe su kusan shekara 4,000.