Ko Yawan Aiki Yana Iya Zama Zunubi?

Ya kai sabon mai bi, da kai mai neman sanin hanyar Almasihu, an koya maka lalaci mugun abu ne, gaskiya ne kuwa. Amma akwai wata cuta wadda ba a tsauta wa mai ita, har yabonsa a ke yi, watau cutar mutumin da ba ya iya ajiye fartanya.

Tun da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka sami hanyar kasuwa, mutanen ƙasan nan suka koyi lissafin kowace rana da kuɗi. Manomin Bungudu ya gama kaka ya faɗa fadama. Mace a Tsafe ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, sa'an nan ta hau sana'a har dare. Sabon mai bi kuwa nauyinsa biyu ne, gama wani danginsa sun janye masa hannu, sai ya ce a ransa ba shi da kowa sai damtsensa.

Ga yadda za ka gane cutar. Ka kwanta, zuciyarka tana gona. Ka zauna a sujada kana ƙidayar buhuna. Yaronka ya yi maka magana, ka daka masa tsawa ba laifin komai. In ka huta sa'a guda, sai ka ji kamar ka yi sata. Jiki magayi ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka sanar da cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya kashe mutum wajen 745,000 a 2016, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar jiki.

Saiwar abin, rashin dogara ga Allah ce. Mai wannan hali yana zaton in ya saki aiki yini ɗaya gidansa zai rushe, sai ka ce shi ya ke saukar da ruwan sama. Duba Fitowa 34:21: Ubangiji ya umarci hutun rana ta bakwai har a lokacin huɗa da lokacin girbi, watau sa'an da barin gona ya fi wuya. A Fitowa 23:12 kuma ya sa sa da jaki da bara cikin hutun. Ubangijinmu Yesu da kansa, da ya ga almajirai ba su da zarafin ko cin abinci, ya kira su waje ɗaya su huta, kamar yadda Markus 6:31 ya nuna.

Saboda haka, ran Lahadi ka rataye fartanya, ka sauke wa jaki mangala, kada kuwa hutunka ya zama ƙarin wahala ga matarka. In aiki ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa 'yan'uwa cikin ikilisiya su yi maka gayya, kai ma ka je tasu. Neman taimako ba abin kunya ba ne.

Ka yi aikin kwana shida da aminci. Rana ta bakwai ka bar gonar a hannun Mai ita, gama dawa tana girma ko kana barci.