Neman Sarauniya a Cikin Amya

Wanda ya kafa amya a karon farko, ranar da ƙudan zuma suka shiga, zumuɗi ba ya barin sa ya zauna. Tsofaffin masu kiwo kan ce masa ya daure, ya ba su mako guda zuwa kwana goma kafin ya ɗaga murfi. Idan ranar ta zo, sai ya jira rana ta yi sanyi, ya sa rigar kariya da ragar fuska, ya cusa ƙafar wando cikin takalmi, ya kunna busasshen kashin shanu ko totuwar masara a gwangwanin hayaƙi. Ya busa kaɗan a ƙofar amya, ya dakata, sannan ya zagaya ta baya ya fara ɗaga sanduna ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar saƙa fara ce fat, ga laushi, da ya karkata ta sai ta ɓalle daga jikin sanda. Duk wannan lallaɓawar, abu ɗaya ne a ransa, ya ga sarauniya da idonsa.

Galibi ba ya ganin ta. Ita kaɗai ce cikin dubbai, ga ta da gudun haske. Gogaggen mai kiwo ba ya wahalar da kansa a kan haka. Yakan ba rana baya, ya ɗaga saƙa haske ya shiga ramukan, ya leƙa can gindinsu. Idan ya hango wani ɗan farin abu siriri, tsawonsa kimanin milimita 1.5, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar rami, to ya samu abin da ya zo nema. Ƙwai ne. Kwana 3 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Ranar farko a tsaye yake, daga nan ya riƙa kishingiɗa har ya kwanta. Ƙwan da ke tsaye shaida ce cewa jiya ko yau sarauniya ta bi ta wurin da ranta da lafiyarta. Sai ya mayar da sanda, ya rufe amya.

A nan wata tsohuwar tambaya take tasowa. Shin wanda ya tsaya ga alama ya sani kuwa, ko dai zato yake yi? Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma sabon mai kiwo da wannan yake kafa hujja.

Amma gani a cikin amya ba kyauta ba ne. 'Ya'yan zuma suna bukatar ɗumi na kusan digiri 35, kuma ma'aikata ne ke riƙe musu shi da jikinsu. Duk mintin da murfi ya yi a buɗe, wannan aikin ake rushewa. Ƙanshin zuma na janyo ƙudajen wasu amyoyi su zo fashi. Hannun da bai saba ba yana iya matse sarauniyar da ake nema tsakanin sanda biyu ya kashe ta. Ƙudan zuman Afirka ta Yamma kuma ba su da haƙurin takura, idan aka dame su da yawa sai su watsar da gida su ƙara gaba.

Damar leƙawar ma ba ta daɗe da samuwa ba. Amyar da kakanninmu suke saƙawa da ciyawa, su shafe da kashin shanu, su ɗaura a reshen ɗorawa ko kaɗanya, ba a buɗe ta sai ranar ɗiba. Daga ƙasa mai ita yake karanta ta: yawan masu shiga da fita, garin fure a ƙafafunsu, irin kukan da ke fitowa ciki. Sai a 1851 wani limamin coci a Amurka, Lorenzo Langstroth, ya lura cewa idan aka bar rata ta milimita 6 zuwa 9 ƙudan zuma ba sa toshe ta da danƙo, ba sa kuma gina saƙa a cikinta. Da wannan ya ƙera amyar da ake zaro saƙarta a mayar ba tare da ɓarna ba. Amyar sanduna irin ta Kenya, wadda ake koya wa manoma a ƙasar Hausa, a farkon shekarun 1970 ta fito.

Addini bai ɗauki son gani a matsayin raunin imani ba. A aya ta 260 ta Suratul Baƙara, Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu, aka kuwa nuna masa da tsuntsaye huɗu. A aya ta 143 ta Suratul A'araf, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi ganin Ubangijinsa, sai aka mayar da dubansa ga dutse, dutsen ya niƙe, shi kuma ya faɗi sumamme. Allah ya fi ƙarfin a kwatanta Shi da halitta. Abin lura a nan halin ɗan'adam ne: akwai abin da idonsa zai iya ɗauka, akwai wanda sai ta hanyar ayoyi zai kai gare shi. A kan haka malaman tauhidi suka gina karatunsu, daga aiki a gane mai aiki. Ƙudan zuma kansu suna cikin ayoyin da aka kira mutane su yi tunani a kansu, a sura ta 16 wadda aka sa wa sunansu.

Tarihin ilimin zuma ya nuna cewa ido shi kaɗai bai wadatar ba. Masanin Girka Aristotle ya san babbar ƙudar da muke kira sarauniya, amma sarki ya kira ta. An shafe ƙarnoni a kan haka, har zuwa ƙarni na 17 da Jan Swammerdam na ƙasar Holan ya feɗe ta ya sami mahaifar ƙwai. François Huber kuwa, mutumin Jeniba a Suwizalan, tun yana saurayi ya makance. Yaron gidansa François Burnens ke dubawa yana faɗa masa, shi kuma yana tsara gwaji yana auna sakamako. A 1792 ya wallafa bincikensa, inda ya tabbatar da cewa barbarar sarauniya a waje take faruwa, ba a cikin amya ba. Bai taɓa ganin hakan ba, amma ya riga masu ido da yawa sanin sa.

Mai shakka yana da sauran magana, kuma maganarsa tana da nauyi: alama ma tana yaudara. Idan sarauniya ta mutu aka ɗauki makonni babu wata, wasu ma'aikata kan fara yin ƙwai. Sabon mai kiwo zai ga ƙwai ya yi murna, alhali gidan na kan hanyar ƙarewa, domin ƙwan ma'aikaciya namiji kawai yake bayarwa. Bambancin a bayyane yake ga wanda aka koya wa. Ma'aikaciya takan zuba biyu, uku ko fiye a rami ɗaya, sau da yawa a jikin bango, saboda cikinta bai kai tsawon da zai isa gindi ba. Wannan bai rushe hujjar alama ba. Abin da ya nuna shi ne karanta alama ilimi ne da ake ɗauka a gaban wanda ya sani, kamar yadda ba a barin ɗalibi ya fassara aya da son ransa.

Ko lokacin da shakka ta yi ƙarfi, ba ƙwai kuma ba sarauniya, masu kiwo ba sa birkice amya da bincike. Sukan ɗauko saƙa mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi daga wata amya su saka, su rufe, su dawo bayan kwana uku ko huɗu. Idan sarauniya na nan, ma'aikata za su rene su yadda aka saba. Idan babu ita, za a tarar sun fara gina dogayen ɗakuna masu kallon ƙasa domin renon sabuwa, wadda ke fitowa kwana 16 daga ranar da aka yi ƙwanta.